Jami'ar Fim da Jami'ar Gaske



Ina aji biyar a sakandare a Bagudo, ni da abokaina muka yi ta kallon Mansoor a wayar yayana har caji ya ƙare. Fim ɗin Ali Nuhu ne na 2017, inda mawaƙi Umar M. Shareef ya fito a ɗalibi. Gaskiya waƙoƙin muke jira, ba labarin ba.

Dabarar tsohuwa ce. A 1960 aka yi Where the Boys Are a Amurka, mawaƙiya Connie Francis ta fito cikin ɗaliban jami'a da suka tafi hutu bakin teku. Mai son muryar mawaƙi zai biya ya ga fuskarsa, kuma fim ɗin na ba shi hutun da babu jarrabawa a bayansa. Mu ba mu da teku, amma wanda ya taɓa zama kan yashin kogin Kwara a Lolo, kusa da iyakar Benin, ya san wannan daɗin.

Da na shiga jami'a na tarar da abin da fim ya ɓoye: layin rajista, lacca tun bakwai na safe, da jiƙa garin kwaki idan kuɗi sun ƙare. Wani abokina ya zo da tunanin fim, zangon farko ya faɗi darussa uku.

Ku kalla, ku yi dariya, ba laifi. Amma a fara gama karatun JAMB na ranar kafin a ɗauki waya.

Sai mako mai zuwa.