Kafin AI ya taɓa kuɗin mai waya, ya fara nuna masa sunan da ya fito

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko a layukan kasuwar Sabon Gari, ya san yadda ake yi. Mutum ya karanto lambar asusu, mai POS ya danna, sai ya dakata ya juyo da na'urar ya ce, "Duba sunan nan, shi ne?" Sai an tabbatar masa, an sake faɗin adadin kuɗin, sannan ya tura. Dakatawar ta ɗan lokaci ce, amma ita ke hana rigima, domin kuɗin da ya faɗa asusun wani, dawo da shi sai an sha jeka-ka-dawo a banki.

Wannan ɗabi'a ta masu POS ita ya kamata masu ƙera manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, su kwaikwaya, domin aikin AI a waya ya wuce amsa tambaya. Tun 2018 bankin UBA ya fito da Leo, wanda ake tura kuɗi ta hanyar yin hira da shi. A watan Afrilun 2024 Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya. Gemini na Google yana iya aika saƙo da buga waya a madadin mai wayar Android, Tecno na da Ella, Infinix kuma na da Folax. A Janairun 2025 kamfanin OpenAI ya fito da Operator, wanda a wancan lokacin yake buɗe shafukan intanet da kansa, ya cike fom, ya yi odar kaya. Mataimakin ya zama ɗan aike, kuma ɗan aiken da zai riƙe kuɗin mutum da sunansa dole a san inda zai tsaya ya nemi izini.

Matasan Najeriya sun riga sun ga abin da izinin da aka bayar sau ɗaya ke jawowa. Manhajojin bashi na intanet sun riƙa neman izinin ganin lambobin da ke cikin waya, mai neman rance ya danna amincewa cikin gaggawa. Da biya ya yi jinkiri, sai a bi iyaye da malamai da abokai da saƙonnin cin mutunci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta far wa wasu daga cikinsu a 2022, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Waɗannan manhajoji karanta lambobi kawai aka ba su dama. Mataimakin AI kuwa zai karanta, ya rubuta, ya aika, ya biya.

Gargaɗi da baki ma bai isa ba. A Yulin 2025 wani ɗan kasuwar Amurka, Jason Lemkin, ya ba da labarin yadda mataimakin AI na kamfanin Replit ya goge masa rumbun bayanai alhali ya umarce shi kada ya sauya komai. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ba da haƙuri, kuma gyaran da suka sanar shi ne raba wurin gwaji da wurin aiki na gaske, ta yadda hannun mataimakin ba zai kai can ba. Ke nan kariya ta gaskiya ita ce wadda aka gina a jikin manhaja, wadda AI ba zai iya tsallakewa ba ko da ya fahimci umarni a karkace.

Akwai kuma matsalar da kamfanonin da kansu suka amince da ita: AI kan kasa bambance umarnin mai waya da rubutun da ya tarar a hanya. Ɗan damfara zai iya ɓoye umarni a cikin imel ko shafin intanet, mataimakin ya karanta ya ɗauka aikinsa ne. A ƙasar da saƙon "na turo maka kuɗi bisa kuskure, ka taimaka ka mayar" ya zama ruwan dare, wannan babbar ƙofa ce ga ɓarayi.

To wane irin tsari ake buƙata? Da farko a raba ayyuka gwargwadon haɗarinsu. Saita ƙararrawa, duba yanayi, taƙaita takardar lacca, duk waɗannan mataimakin ya yi su kai tsaye, domin ko ya yi kuskure asarar kaɗan ce. Aika saƙo da sunan mutum, wallafa wani abu a Facebook, ko goge hoto, a nan ya tsaya ya nuna abin da zai yi. Magana zarar bunu ce: saƙon da aka yi nufin aboki ya faɗa gurup ɗin aji, goge shi ba ya hana waɗanda suka riga suka gani. Tura kuɗi da sauya lambar sirri kuwa, ba za su yiwu ba sai mai waya ya sa PIN ko yatsansa da kansa, kuma mataimakin bai kamata ya taɓa ganin wannan lamba ba.

Na biyu, abin da za a nuna a fuskar waya ya zama cikakke. Tambayar "A ci gaba?" da maɓallin "To" ba neman izini ba ce. Ɗalibar da ke Samaru ta ce wa wayarta, "Tura wa Sani dubu biyar," alhali akwai Sani mai caji, Sani ɗan ajinsu da Kawu Sani a cikin lambobinta. Abin da ya kamata ta gani shi ne cikakken sunan da banki ya nuna, sunan bankin, adadin a lambobi da kuma a kalmomi, cajin da za a cire, da asusun da kuɗin zai fita. Maɓallin kansa ya ɗauki rubutun aikin, kamar "Tura N5,000", kuma maɓallin fasawa ya kasance da girma ɗaya da shi. A samar da damar gyara a nan take, domin wanda aka tilasta masa komawa farko saboda ƙaramin kuskure, gobe zai danna amincewa ba tare da ya duba ba.

Na uku, harshe. Ɗan kasuwar da ya yi wa waya magana da Hausa a cikin hayaniyar Sabon Gari, bai dace a mayar masa da tabbaci da Turanci ba. Ko a Turancin ma, 15 da 50 suna kama da juna a kunne. Mataimakin ya maimaita masa da Hausa, a rubuce da kuma da murya, saboda waɗanda karatun boko bai zauna musu ba.

Na huɗu, hanyar komawa baya. Gmail ya daɗe yana ba da daƙiƙa 5 zuwa 30 na janye imel bayan an aika, kuma babu dalilin da zai hana mataimakin AI yin haka. A sa maɓallin tsayarwa da ke bayyane duk lokacin da yake aiki, da rajistar duk abin da ya yi, kamar yadda mai shago ke duba littafin yaronsa da yamma. Sabis kan yanke ana tsakiyar aiki, saboda haka idan tura kuɗi ya maƙale, mataimakin ya sanar ya jira. Sake turawa da kansa na iya sa a cire kuɗi sau biyu.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. Idan waya za ta riƙa tambaya a kowane mataki, ina amfanin ɗan aiken? Kuma yawan tambaya kan sa mutum ya saba danna "Na amince" ido rufe, kamar yadda ake yi wa dogayen sharuɗɗan manhajoji. Gaskiya ne, shi ya sa tambayar ta zama kaɗan, a wurin da ya dace. Mai waya ya iya kafa dokarsa tun farko: sayen data da bai wuce N1,000 ba a layinsa ya wuce kai tsaye, amma sabon asusun da bai taɓa tura wa kuɗi ba sai an tambaye shi. Android ya bi irin wannan hanya: daga 2015 manhaja na neman izini a lokacin da take buƙatarsa, a 2020 kuma aka ƙaro izinin sau ɗaya tak.

Doka ma ta fara nuna alƙibla. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ƙin yarda na'ura ita kaɗai ta yanke hukuncin da zai yi masa babban tasiri, da haƙƙin neman ɗan'adam ya sa baki. Ya rage wa hukumar NDPC da Babban Bankin Najeriya su fayyace wanda zai ɗauki asara idan mataimaki ya tura kuɗi ba tare da sahihin izini ba. Adalci shi ne nauyin ya hau kan kamfanin da ya ƙera shi.

Ɗaliban kwamfuta na ABU da ke gina wa 'yan kasuwa manhajojin karɓar oda a WhatsApp za su iya fara aiki da wannan tsari tun yanzu, domin sun fi kowa sanin mutanen da za su yi amfani da su. Shi kuma mai waya, kafin ya haɗa wani mataimaki da asusunsa, ya shiga saitin izini ya duba abin da ya riga ya buɗe masa, ya gwada shi da ƙaramin kuɗi, ya ga ko zai tsaya ya nuna suna kamar yadda mai POS ke yi. Wanda bai tsaya ba, a cire shi daga manhajar banki, a bar shi da saita ƙararrawa.