Wai Wane Teku Ne a Badarawa?

Mai karatu, don Allah taya ni lissafi. Littafi nawa ka karanta, fim nawa ka kalla, inda ana ɗaura aure da kwana biyu sai ango ya ce wa amarya ta haɗa kaya, gobe za su wuce bakin teku su huta? Ni dai na daina ƙirga. A littafi sai a kai su wani ɗan ƙauye mara suna, ga bishiyoyin kwakwa, ga iska, su biyu rak. Ba a gaya maka ƙasar ba, ba a gaya maka me mutanen garin ke ci ba, kai ko gabas ba wanda ya tambaya. In fim ne kuwa abin ya fi ban dariya: a je bakin dam ko gefen wurin ninƙaya na otal, a saki waƙa, a canza kaya sau biyar, shi ke nan wai an je teku an dawo.

Daga Badarawa nake wannan rubutu. Tsakaninmu da Legas, inda akasarinmu ke fara ganin teku, ya haura kilomita 700 a mota. To daga ina marubutanmu suka samo nasu tekun? Kowa ya sani, daga Indiya. Wanda ya kalli Kaho Naa Pyaar Hai na shekarar 2000 zai tuna Hrithik Roshan da Ameesha Patel a tsibiri su kaɗai. Amma su Indiyawa ƙasarsu na da gaɓar teku ta dubban kilomita, kuma duk da haka suka ɗauki kyamara suka tafi har Tailan don su nuna abin da gaske. Mu kuwa tun daga Turmin Danya a 1990 mun shekara sama da 30 a harkar, har yau aron hannu muke yi.

Ba ma ƙaryar tekun ce ta fi damuna ba. Abin da ke ci mini rai shi ne: wa aka yarda ya huta a labaranmu? Ɗan mai kuɗi da amaryar sati ɗaya, su kaɗai. Da sun dawo, kyamara ta koma falo, sai kishiya, sai uwar miji, sai boka, sai takardar saki. Yaushe ka taɓa ganin malamin firamare da matarsa mai 'ya'ya biyar sun kai yara gidan kaka, sun tafi wani wuri kwana biyu don su ji da junansu? Darasin da budurwa ke ɗauka shi ne hutu sai da fasfo. Shi kuma saurayi ya ɗauka wannan ba harkar talaka ba ce. Sai a wayi gari maigida hutunsa a majalisa ko gidan kallon ƙwallo, uwargida kuwa ba ta hutawa sai ta kwanta ciwo ko ta tafi wankan gida.

A layinmu akwai wani tela da ya ɗauki matarsa a babur wata Lahadi ya kai ta Gamji, ya saya mata tsire da lemo, suka zauna bakin kogi har la'asar. Sati guda 'yan majalisa na kiransa mijin-ta-ce. Ita kuwa abin da ta gaya wa yayata shi ne, shekara tara da aurensu, ran nan ne suka fara yin hira ta awa guda ba a kan cefane ba. Wallahi wannan maganar ta fi waƙoƙi goma nauyi, amma ba furodusan da zai taɓa ta.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai ba al'adarmu ba ce miji ya fita yawo da mata. To rawa a cikin fulawa da saurayi ita ce al'adar tamu? Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a halin tafiya, ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake, ya wuce ta. Ka ga ashe ba a amarci kaɗai ake nishaɗi da iyali ba.

Za a kuma ce babu kuɗi, hanya babu tsaro. Wannan gaskiya ne, ba mu manta harin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ba, ran 28 ga Maris, 2022. Amma ai nan labarin yake! Miji na tara 'yan canji a asusu wata shida, mata na fargabar hanya, uwar miji na cewa sangarta ce. Ga fim ya haɗu ba tare da boka ba. Wuraren ma ba sai an ƙirƙira ba. Ga Gamji cikin gari, da gadar Lugga wadda aka gina a Zungeru a 1904, aka dawo da ita Kaduna a 1954. Ga dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. Ga ruwan ɗumi na Wikki a Yankari. Ku kira kowanne da sunansa, ku daina yi masa rawanin teku.

In kuwa lallai sai teku, to a je na gaske. Ga Badagiri nan a Jihar Legas, da tsohon benenta na 1845, da tsibirin Gberefu inda a da ake bi da bayi zuwa jiragen ruwa. Ku nuna mana 'yar Badarawa ta tsaya gaban ruwan da ba ta hango ƙarshensa, ta damƙe rigar mijinta, ta ɗanɗana ta ji gishiri ta tofar. Ku nuna shi yana ciniki da mai kwalekwale da guntun Turancinsa, sai ga mai shayi Bahaushe ya raba gardama. Mai kallo zai yi dariya, zai kuma yarda.

Ban ce fim ne ke kashe aure ba. Amma al'ummar da sai da gwamnatin Kano da Hisbah suka fara aurar da zawarawa ɗari a rana ɗaya a 2012, tana bukatar a nuna mata yadda ake riƙon aure bayan lallen amarya ya goge. Marubuta da daraktoci, ƙalubale gare ku.

Kai kuma maigida, kada ka jira su. Asabar mai zuwa ka kai yara gidan Hajiya. Allah ya sa mu gyara.