Ƴan matan lakwal da ke faɗuwa: a fara da asibiti

Tun shekarun 2000 makarantun Nijar ke fama da wani abu: ana tsakar darasi yarinya ta kurma ihu, ta zube, jikinta ya sanƙare, kafin malam ya ajiye alli wasu sun bi ta. An gani a Dogondutsi, nan jihar Dosso, inda masaniyar al'adu Adeline Masquelier ta yi nazari a kai. Kano ma ta sha nata a 1995, lokacin abin da aka riƙa kira Sumbuka.

Likitoci na da amsa. In an gwada jini ba a ga komai ba, sai su ce firgici ne mai yaɗuwa, ido ya gani zuciya ta ɗauka, irin dariyar da ta sa aka rufe makarantar ƴan mata ta Kashasha a Tanganyika a 1962. Bayanin ba na yarwa ba ne, domin raba yaran da juna kan kwantar da abin. Sai dai yana da inda ya tsaya. Bai gaya mana dalilin da wannan yarinyar ce ta fara ba, ba maƙwabciyarta a benci ba, ko me ya sa muryar da ke fita bakinta take kukan an sare mata bishiya an gina aji. Kimiyya da abin da ake aunawa a maimaita take aiki. Gaibu ba ya hawa sikeli, don haka ba ta tabbatar da aljani ba, ba ta kuma kore shi ba.

Wani zai ce to shi ke nan, a kira mai ruƙiyya. A nan nake tirjewa. Musulmi ba ya shakkar akwai aljanu, sura guda ce sukutum da sunansu. Amma yarda da samuwarsu daban, yanke hukuncin cewa su ne suka kada wannan yarinya daban, kuma mai ruƙiyyar ma ba shi da ma'aunin da zai raba. Mu ɗauki Gaya, nan jihar Dosso: a bakin kogi take, sauro ba a magana. Zazzaɓin da ya hau kai, farfaɗiya, sanƙarau na lokacin zafi, duk suna kawo suma da fizge-fizge da sambatu. Waɗannan asibiti na gane su, sanƙarau kuwa na iya kisa cikin kwana ɗaya, tun ana neman turare.

Iyaye da malaman Gaya, idan yarinya ta faɗi a ɗauke ta zuwa asibiti tukuna. Addu'a a yi ta a hanya, a ci gaba da ita a bakin gado.