Fatar Da Ba Ta Dabba Ba

Ya kamata dukawa da fataken ƙiraga, daga Kano har Ikko, su buɗe ido. A 2014 aka fara nuna Piñatex a London, fatar takalma da kujeru da aka yi da zaren ganyen abarba. A 2021 kuma kamfanin Hermès na Faransa ya nuna jaka mai fatar naman kaza. Burin masu yinsu shi ne fata mai ruɓewa in ta tsufa, sai dai galibi ana shafe ta da roba, roba kuwa ba ta ruɓewa.

Duk da haka barci bai kama majema ba. Babban zargin da ake musu shi ne gubar da masana'antun jima ke zubawa a koguna irin Challawa. Jimar bagaruwa ba ruwanta da wannan sinadari. Ita ya wajaba gwamnati ta tallafa wa, tun masu sayen jar fatar Sakkwato ba su juya baya ba.