Jinin Ɗan'uwa Ba Shi Ne Mafi Aminci Ba



Akwai fitowar da ta zama ruwan dare a littattafan soyayya: jaruma na ɗakin tiyata, yayanta ya miƙa hannu, a ɗebi jininsa da ɗuminsa a ƙara mata, ta tashi garau. Muna adawa da wannan fitowar, domin mai karatu da ita yake zuwa asibiti.

Ledar jinin da ba a tace ba tana ɗauke da fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa, wato sojojin garkuwar jikinsa. Idan suka shiga jikin wani suna iya jawo zazzaɓi da rawar sanyi, su kuma rage ƙarfin garkuwarsa. A 1973 Opelz da Terasaki sun gano cewa waɗanda aka ƙara wa jini kafin dashen ƙoda, jikinsu bai cika ƙin sabuwar ƙodar ba. Ga mai dashe wannan riba ce, amma ga mai ɗanyen ɗinki tana iya zama ƙofar shigar cuta. A 1998 wani bincike a Leiden ta ƙasar Holan ya nuna masu tiyatar zuciya da aka ba jinin da aka tace sun fi tsira. Tun 1999 Birtaniya take tace kowace leda.

Jinin ɗan'uwa kuwa yana da nasa haɗarin. Saboda kamannin halitta, jikin majinyaci kan kasa gane baƙin ƙwayoyin, sai su hayayyafa su auka wa fata, hanta, hanji da ɓargo. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru, fiye da 9 cikin 10 ba sa rayuwa. Tacewa kaɗai ba ta hana shi, sai an haska jinin da haske na musamman.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne. To, daga labarin nan matan aure da ɗalibai suke ɗaukar darasi. Ba cewa muke a guji ƙarin jini ba, shi ke ceton mai haihuwa da yaro mai sikila. Cewa muke a rubuta shi daidai.

Mu da ke Kaduna ba mu da uzuri. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari, mu tambayi likita kafin mu ɗora alƙalami. In kuma jarumta muke son nunawa, jaruminmu ya ba da jini kyauta ga wanda bai taɓa gani ba.