Kare Yanayi a Kwarin Rima: Ƙananan Hukumomi Su Fara Daga Makaranta

'Yan uwa malamai da iyalanmu, a watan Nuwamba na 2021, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Gilasgo, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa duniya alkawarin cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta. A cikin wannan watan ne kuma ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Ma'anar daidaita hayaƙi ita ce, iskar kabon da makamantanta da al'umma ke fitarwa daga murhu da inji da gona kada ta wuce abin da itatuwanta da ƙasarta za su iya shanyewa. Shekarar 2060 tana da nisa a kunnen wanda ya kusa ajiye alli, amma yaron da muke koya wa baƙaƙe da wasulla a aji ɗaya zai riske ta yana magidanci ɗan kimanin shekara arba'in. Shi aka yi wa wannan alkawari, kuma a hannunmu yake yanzu.

Ra'ayinmu a wannan reshe shi ne, alkawarin da aka ɗauka a Gilasgo ba zai cika a Birnin Kebbi da Argungu ba sai ƙananan hukumomi sun ɗauke shi a matsayin aikinsu, kuma wurin da ya fi dacewa su fara shi ne harabar makaranta.

Mun san akwai masu cewa wannan magana ta masu masana'antu ce. Suna da hujja, domin nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Waɗanda suka ɓata sararin samaniya su ya kamata su ɗauki mafi nauyin gyaransa, ba mu kuma janye wannan magana ba. Sai dai idan gobara ta taso daga gidan maƙwabci, mai hankali ba ya tsayawa shari'ar wanda ya kunna ashana alhali danninsa ya fara ci.

Mu mazauna kwari ne. Ruwan da ya sauka a ƙasashen Katsina da Zamfara da Sakkwato yana bin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ta madatsun Goronyo da Bakolori, ya ratso Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. Duk abin da aka yi wa dazuzzukan tudu, fadamarmu ce ke karɓar sakamakonsa. Mun ga ambaliyar 2010, mun ga ta 2012, mun ga ta 2020 da ta shanye shinkafa dab da girbi, sannan ta 2022 ta biyo baya. A duk lokacin da ruwa ya ci gari, ajujuwanmu ne ke zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli, karatu ya tsaya makonni. Uban da gonarsa ta nutse ba ya iya sayen littafi, wani lokaci ma yakan cire yaro daga makaranta ya tura shi neman na cefane. Da yawa daga cikinmu kuma manoman fadama ne, da gonar muke cike giɓin albashi. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ajin da ke ƙarƙashin kwano babu silin babu inuwa ba ya karantuwa bayan ƙarfe sha ɗaya. Wannan duk ya shafi aikinmu kai tsaye, don haka ƙungiyar malamai tana da bakin magana a kai.

Me ya sa muka ce ƙaramar hukuma? Domin kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa. Idan aka duba da kyau, hayaƙin ƙasarmu daga waɗannan wurare yake tashi. Ba mu da manyan masana'antun ƙarfe ko tashar wuta mai ƙona kwal. Abin da muke da shi shi ne itacen girki da gawayi, janareta, injin ban-ruwa mai shan fetur, ƙona shara da ƙona karmami da ɓuntun shinkafa, sai kuma gonar shinkafa da ke kwana cikin ruwa. Duk waɗannan suna gaban idon kansila da hakimi da mai unguwa, ba sai an jira wani ya taso daga Abuja ba. Tun daga 11 ga Yuli, 2024 kuma, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Wanda ya nemi a ba shi wuƙa da nama ya kamata ya nuna abin da zai yanka.

Makaranta kuwa ita ce dukiyar gwamnati da ta fi yaɗuwa a kowace ƙaramar hukuma. Ƙauyen da ba shi da asibiti ko ofishin gona yana da firamare, da fili, da malamai, da yara ɗaruruwa waɗanda kowannensu ke komawa wani gida da azahar. Babu wata hukuma da ke shiga gidaje da yawa haka a kowace rana.

Abu na farko shi ne itace. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, tana kuma cikin jihohin arewa 19 da ke amfana da shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021. Dashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowace damina ana bikin dasa itatuwa, manya su sanya dashe a rami, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto a watse. Kafin hunturu ya ƙare awaki sun cinye wasu, ƙishirwa ta kashe sauran. Muna kira da a canza ma'auni. A daina ƙidaya abin da aka dasa, a riƙa ƙidaya abin da ya rayu bayan bazara biyu. Ƙaramar hukuma ta ba kowace makaranta dashe da shinge da hanyar ruwa, kowane aji ya riƙe nasa itatuwan da suna, sufeto kuma idan ya zo duba rajista da tsarin darasi ya fita ya ƙirga su. A haɗa darbejiya mai saurin inuwa da itatuwan gado irin su gawo, tsamiya, kuka, aduwa da magarya, a kuma sa mangwaro da zogale inda ruwa ya wadata, domin itacen da ake cin moriyarsa ba a barinsa ya mutu.

Akwai darasi a wurin 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar. Tun daga shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututturen da ke cikin gona, suna sassabe shi su bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi maimakon su tumɓuke shi. Da wannan dabara, wadda ba ta buƙatar gidan rainon dashe ko ban-ruwa, aka farfaɗo da itatuwa a kimanin hekta miliyan 5, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. Gawo ya fi yawa a cikinsu, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Malamin aikin gona zai iya koyar da wannan a gonar makaranta cikin zango ɗaya, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Abu na biyu shi ne murhu. Wanda ya taɓa leƙa madafar makarantar kwana ya san tulin itacen da ake saukewa a ƙofarta, ya san idanun masu girki da hayaƙi ya mayar jajaye. Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafinsa a iska. Ingantaccen murhu na laka ko na ƙarfe, wanda ke tattare wuta a gindin tukunya, yana iya rage cin itace da kusan rabi. Ba sai an yo odarsa daga waje ba, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan irinsa, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu da za su iya horar da magina da maƙeran garinmu. Makamashin ma yana kusa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a nan Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ban da ƙananan injinan casa da ke unguwanni. Ɓuntun da ƙananan injinan ke tarawa tsibi-tsibi, wani lokaci a cinna masa wuta, ana iya matse shi ya zama curin makamashi mai ci kamar itace. Idan hukuma ta ce madafan makarantu da shi za su riƙa girki, ta samar wa matasa sana'a, ta kuma ɗauke gatari daga wuyan ƙirya da marke.

Abu na uku shi ne rana, wadda Allah Ya hore mana ba da awo ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu, 2023, kowane manomin rani ya san abin da injin ban-ruwa ke ci. Rijiyar burtsatse mai aiki da sola a makaranta za ta shayar da yara, ta raya dashe, ta kuma zama abin gani da ido ga iyayen da ke tunanin raba gonarsu da jarkar fetur. Sharaɗi ɗaya ne, a tanadi kuɗin gyara da mai gadi tun ranar da aka kafa ta, domin mun gaji da ganin faranti a kan ƙarfe babu ruwa a famfo.

Gonar shinkafa ma tana da nata kason. Idan ruwa ya daɗe kwance a kan ƙasa, ruɓewar ciyayi a ƙarƙashinsa tana haifar da iskar mitan, wadda ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Masu binciken shinkafa sun nuna cewa a noman rani, idan aka bar ruwan fangali ya janye na 'yan kwanaki kafin a sake ba shi, sai dai a lokacin fitar da kai, ana rage wannan iska da yawa, ana kuma rage ruwa da man da ake ƙonawa ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Wannan ilimi ne da sashen gona na ƙaramar hukuma da malaman kimiyya za su iya kai wa manoma tare.

Ko dokar gida tana aiki a wurinmu? Argungu ta ba da amsa tun da daɗewa. Bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya abin taskacewa a 2016, ya dogara ne ga hani. Ana kame Matan Fada daga masunta har sai ranar da aka ba da izini, Sarkin Ruwa da jama'arsa suna tsare da wannan ƙa'ida, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Al'ummar da ta iya haƙura da kifin da take gani da idonta za ta iya haƙura da saran ɗanyen itace a bakin gulbi, idan masarautun Gwandu da Argungu da majalisun ƙananan hukumomi suka yi magana da murya ɗaya.

Muna da sharuɗɗa biyu, kuma ba za mu ɓoye su ba. Na farko, albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Dattawanmu a wannan aiki ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka mayar da biyan malamai hannun ƙananan hukumomi, watanni suka riƙa wucewa babu albashi. Kada wani ya fake da dasa itace ya taɓa haƙƙin malami. A fitar da albashi tukuna, sannan a ware wa aikin yanayi layinsa a kasafin kuɗi, a liƙa shi a allon sakatariya kowa ya gani. Na biyu, kada a jibga wa malami wannan aiki a matsayin ƙarin kaya ba tare da kayan aiki da horo ba, kada kuma a mayar da yara 'yan ga-ruwa a lokacin darasi. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su ɗauki nasu kason, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwamnan jiharmu, Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya riƙe shugabancin ƙungiyarmu ta NUT na ƙasa baki ɗaya kafin ya hau wannan kujera a 2023. Ya san aji, ya san madafar makarantar kwana, don haka ba ya buƙatar dogon bayani. Muna roƙonsa ya umarci ma'aikatun ilimi da muhalli da na ƙananan hukumomi su zauna da shugabannin Birnin Kebbi da Argungu, a fara da zaɓaɓɓun makarantu a kowace gunduma, abin da ya yi kyau a yaɗa shi zuwa ƙananan hukumomi 21 na jihar.

Mu ma akwai abin da ke kanmu. Muna kira ga kowane shugaban makaranta a wannan reshe ya zo taro mai zuwa da lissafi a rubuce: itatuwa nawa ne a harabarsa, akwai ruwa ko babu, da me ake girki idan ana yi, kuma sau nawa ambaliya ko iska ta tsayar da karatu a shekarun nan. Da wannan lissafin za mu je sakatariya kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi, domin dashen damina mai zuwa tun da rani ake shirya masa rami da shinge. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga ambaliya da fari, amin.