Filin Maigida da Motarsa: In Mota Ta Fara Zarin Mai

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita ta zama abin lissafi a gida. Mai zirga-zirga tsakanin Bodinga da Shagari ko Sakkwato, in ya ga mai yana ƙarewa da wuri, yakan zargi gidan mai. Amma wani lokaci ɓarawon yana jikin salansa.

Akwai wata 'yar na'ura mai kama da fulogi, a ɗaure jikin bututun salansa kusa da inji. Makanikai suna kiranta oksijin sensa. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera ta, motar Volvo kuwa ta fara fitowa da ita a 1976. Aikinta ta shinshini hayaƙi, ta gaya wa kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya kasa, gama inji yana son awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, bisa nauyi. In ta lalace, sai kwamfuta ta riƙa zuba mai a makance.

Alamunta su ne: fitila mai hoton inji ta kama, mai ya riƙa ƙarewa, hayaƙi ya yi baƙi, inji ya riƙa rawa a tsaye, fulogai su yi kunkunniya.

Kada ku yarda a liƙe fitilar nan da salatif. Ku nemi makaniken da ke da na'urar gwaji, wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Lambobi daga P0130 zuwa P0141 suna nuni ga wannan wuri.

Amma fa lambar ba ta ce ku sayi sabuwa ba. A fara duba wayarta, ko zafi ya ƙona ta ko ɓera ya gaigaye. A duba fiyus. A duba ko salansa ta huje tsakanin inji da na'urar, domin iskar da ke shiga nan takan ruɗe ta. In duk waɗannan lafiya suke, sa'an nan a canja. A bari inji ya huce, a kwance ta da sifana mai lamba 22, a sa irin wadda aka yi domin motar.

Abu guda kuma: injin da ke ƙona baƙin mai zai kashe sabuwar ma, sai a gyara shi tukuna. Bayan gyara a goge lambar, ku kuma rubuta litocin da kuke sha na mako biyu, ku gwada da na dā.

Sai wata mai zuwa.